Kada Ka Bar Mini Rabi da Ummi

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙon gari, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa. Amin.

Mu nan gida da sauƙi. Kawunka Bala ƙafar nan ta sake tashi, a zaune yake sallah, amma bakinsa lafiya lau, har yanzu shi ke raba gardama a ƙofar shagon tela. Ƙanwarka Hadiza ta yi zazzaɓi can Hanwa, ta warware, jaririnta sai ƙiba yake yi. 'Yarka Ummi ta yi mura ta wuce. Ni jinin nan yana hawa yana sauka, ina shan magani, ka daina kiran Hadiza kana tambayarta ko ina sha. Matarka Rabi lafiyar jiki lau take. Na ce ta jiki don ita kaɗai zan iya ba da shaida a kai. Tana aikinta, tana gaishe ni yadda ta saba, amma tuwon da take ci bai kai na Ummi ba.

Za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Ka san kai ne na fari, ban saba zama in yi doguwar magana da kai ido da ido ba, haka aka tashe mu. A waya kuma da na fara sai ka ce, "To Inna, to Inna, in sha Allahu," kafin in kai inda nake so ka ce ana jiranka. Takarda ba ta katse mutum. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfura na koye shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka ce za ka bar Rabi da Ummi a wurina shekara ɗaya ko biyu, sai ka zauna da gindinka a Legas. Ranar ban ce komai ba. Yau ina cewa ban yarda ba. Ina so ka zo ka ɗauke su. An kusa komawa makaranta, kuma bana ne Ummi za ta fara. Ko dai a rubuta sunanta a nan, ko a can wurinka. In aka rubuta shi a nan, na san abin da zai biyo baya, don na taɓa bin hanyar. Zan zo kan wannan, ka bar ni in bi ta inda zan iya.

Kullum in na fito shanya sai idona ya kai kan ƙarfen sabis ɗin nan na bayan gidanmu. Lokacin da aka kafa shi har da ni a masu ƙorafin ƙarar janareta. Da ka gama karatu kamfanin ya ɗauke ka, aka sa shi cikin ƙarafan da kake dubawa, sai ƙarar ta daina damuna. In na ji tsayuwar motarku a lungu, ba na tambayar kowa, sai in ƙara gari a tukunya. Ka shigo da hular kwanon nan a hannu, rigarka duk baƙin mai, ka ci a tsaye, in yi ta faɗa ka zauna. Har addu'a na taɓa yi, Allah Ya yafe mini, wai akwatin gindin ƙarfen ya ɗan yi gardama don ka zo. Ko da ka yi aure kuka kama haya a Kaduna, ƙarfen nan bai bar ni na yi kewarka ba.

Ranar da kuka zo da babbar mota kuka cire akwatin, ta kan katanga na kalla. Da yamma ka zauna a tabarma ka yi mini bayani, kuma na riƙe, ka ji ko na yi daidai. Ka ce a da kowane ƙarfe da nasa akwatin a gindinsa, shi ke karɓar maganar mutane, ya gane ta wa ce, ya tura ta inda za ta. Akwatin ba ya son zafi, shi ya sa ake masa na'urar sanyi, shi ya sa kuke yawan zuwa. Yanzu abin da ke can sama ne kawai zai rage, kunnen da ke ji da bakin da ke amsawa. Aikin tunanin an mai da shi manhaja, wato rubutaccen umarni da babbar kwamfuta za ta bi, aka tara na ƙarafa masu yawa a ɗaki guda, aka haɗa su da wayar da ke bin ƙarƙashin ƙasa. In kasuwar Tudun Wada ta cika masu kira suka yi yawa, sai a ƙara wa namu rabo daga can, in kasuwa ta watse a juya rabon wani wuri. In abu ya rikice, sau da yawa ba sai an hau mota ba, daga kan kujera za a daidaita. Ɗakin kwamfutocin ka ce ba zai yi nisa da mu sosai ba, don magana ba ta jure jira, amma masu lura da su duka a Legas aka tara su, kuma an zaɓe ka cikinsu.

Sai ka yi dariya ka ce, "Inna, ai yanzu nisa ya ƙare. Daga Legas zan riƙa ganin ƙarfen nan fiye da yadda kike ganinsa ta kan katanga."

Na yarda za ka gan shi. Na yi murna da aka zaɓe ka, Allah Ya sani. Amma bayaninka ya tuna mini da wani abu da na yi da hannuna, kana ƙarami ba za ka tuna ba.

Lokacin da nake sana'ar man gyaɗa ina da mata masu yi mini aiki, kowace a gidanta, wasu a Tudun Jukun, wasu a Gyallesu. In kai musu gyaɗa, su soya, su kai niƙa, su matse, in bi in karɓi mai da ƙuli-ƙuli. Yawon ya ishe ni, itace na tafiya da yawa, kuma man wannan ba ya zama ɗaya da na waccan. Sai na yi dabara. Na kafa rumfa a filin bayan gida, inda ƙarfen yake yanzu, na tara waɗanda mazansu suka yarda da zawarawan cikinsu wuri guda, murhu babba, kusa da mai injin niƙa. Abin ya yi kyau ƙwarai. Itace ya ragu, mai ya zama iri ɗaya, ina zaune ina ganin kowa. Har na ce musu ƙananan kasaken da ke gidajensu ba su da sauran amfani, wasu suka sayar, wasu suka ba 'ya'yansu. Ana saura 'yan kwanaki azumi, lokacin da masu ƙosai suka fi neman mai, aka yi ruwa da iska, rumfar ta faɗo a kan murhu, babban kaskon ya tsage. Ga gyaɗa buhu-buhu, ga mata a tsaye, babu inda za a soya ko mudu ɗaya. Kafin in farfaɗo, masu sayen maina sun saba da wata.

Tara su da na yi ba shi ne kuskuren ba. Kuskurena shi ne ban taɓa zama na tambayi kaina ba, ranar da rumfar nan ta faɗi, ina za mu? Na san kun fi ni sanin aikinku, ka ma ce mini akwai ɗaki na biyu a wani gari da zai karɓa in na farko ya tsaya. Madalla. Duk da haka, in kuna zaune da manyanku, ka zama mai yin tambayar da ba a son ji. Ka ga masu haƙa kwata a layinmu ba sa tambayar abin da ke ƙarƙashin ƙasa kafin su sa diga. Ranar da suka tsinke wayar, matar da naƙuda ta kama a lungunmu da me za ta kira mai a-daidaita? Ku a allonku ɗigo ne ja, mu a nan mutum ne. Kuma kada ka yar da abokan aikinka na da, masu hawa ƙarfe. Ka riƙa kiransu kuna gaisawa ba sai abu ya lalace ba. Igiyar hawanka da hular kwanon suna nan, na sa Rabi ta goge su ta rataye a ɗakinka, ban yarda a ba kowa ba.

Hadiza ta gaya mini ka ce mata wai yara ne ke koya maka aikin a can, waɗanda ba su taɓa taka matakalar ƙarfe ba, kuma abin yana ci maka rai. Wannan ciwon na san shi. Tun kana goye aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwar nan. Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, har littafi da fensir ya saya mini. Na je sau ɗaya, na ga malamar ba ta kai ƙanwata ba, ta ce in maimaita baƙi a gaban mutane, na kuskure, aka yi dariya. Ban koma ba. Na ce ni da nake juya buhunan gyaɗa da ka, yarinya ba za ta tsai da ni ba. Wannan girman kan ya sa na yi rabin rayuwata ina miƙa wa mutane takardar asibiti su gaya mini abin da ke jikina. Da na koma ajin bayan rasuwarsa, malamar da na samu sa'ar Hadiza ce. Na ce mata, "Malama, ki ɗauka ban san komai ba, in na yi kuskure ki faɗa da ƙarfi, kunnena ya fara nauyi." Ta ce, "Inna, in kin yi daidai ma da ƙarfi zan faɗa." Ga shi yau ina rubuta maka da hannuna. Gemu ba ya hana ilimi, amma mai gemun yakan hana kansa. Ka tambaye su, ka sake tambaya, ka saya musu shayi in ta kama. Abin da ka sani na rana da ruwan sama da tsatsar ƙarfe yana nan, ba ya gudu, ranarsa za ta zo.

Yanzu maganar da ta fi mini nauyi.

Kana da shekara biyu ko uku aka mai da mahaifinka Kafanchan, aikin reluwe. Aka ba shi ɗaki a kwatas, ya dawo ya ce in shirya mu tafi. Na ce ya bari in haihu, lokacin ina da cikin ɗan da bai rayu ba. Na gama jego ya sake magana, na ce ya bari damina ta wuce. Damina ta wuce, kakarka ta kwanta ciwo, wa zai bar ta? Ta tashi, sana'ar mai ta kankama. Sai ka shiga makaranta. Daga nan ban ƙara neman wani dalili ba, kai ka zama dalilin. Kowace shekara in ce bari yaro ya gama wannan ajin. Shi kuma mutum ne marar jayayya. Ya tambaya, ya tambaya, wata rana ya daina, ni kuma na ɗauka mun daidaita ke nan.

Bai taɓa gazawa ba, kada ka ji ka zarge shi. Duk wata sai saƙo ya iso ta hannun ma'aikatan jirgi, doya, citta, manja, atamfa in sallah ta matso, da gaisuwa ga kowa da sunansa. Ni ma in aika da mai da yaji da dambun nama. Ba mu taɓa faɗa ba. Mutane har misali suke yi da mu. Ashe faɗa ma sai da zama wuri ɗaya.

Kai ne ka fara nuna mini, ban gane ba. Ya zo hutu ya yi sallama, ka sheƙo ka ɓuya bayan randa kana cewa, "Inna, baƙon nan mai doya ya zo." Aka yi dariya, har da ni. Shi ma ya yi, amma bai ci abincin kirki ba ranar.

Da ya yi ritaya ya dawo gaba ɗaya, sai na ga ina zaune da mutumin da nake girmamawa amma ban sani ba. Na haɗa masa shayi da sukari, ya sha shiru, sai daga baya na ji wurin kawunka cewa ya daɗe da barin sukari. Yakan tsaya a tsakar gida da hularsa a hannu yana duba inda zai rataye ta, a gidan da shi ya gina. In ya tashi ba da labari sai ya ambaci sunayen da ban sani ba, ya ga ban sani ba, ya bar labarin. Muka zauna lafiya har Allah Ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku wani tsoho abokin aikinsa, Kirista ne, sunansa Baba Yohanna, ya zo tun daga Kafanchan. Ya durƙusa daga bakin ƙofa yana share hawaye ya ce, "Mama, mun yi rashin mai ba mu dariya. In Malam ya fara kwaikwayon shugaban tasha, sai mun riƙe ciki. Ga iya miyar kuka, duk kwatas wurinsa muke ci."

Na ce Allah Ya jiƙansa, na gode. A zuciyata kuwa cewa nake, wane Malam ɗin? Ni ban taɓa jin ya kwaikwayi kowa ba. Ban san ya iya ɗora tukunya ba. Wancan mutumin mai ban dariya mijina ne, an ba ni shi, na ce a bari damina ta wuce.

Za ka ce zamani ya canza, ku kuna ganin juna a waya kullum. Ina kallo ai. Da ka tafi, in ka kira Ummi takan rungume wayar tana sumbatar gilashin. Yanzu sai ta ce, "Abba ina wuni," ta miƙa wa uwarta ta koma wasanta. Shekaranjiya ta nuna saman ƙarfen ta tambaye ni ko a can kake zaune. Na ce a'a, kana Legas. Ta ce to Legas ɗin a cikin waya take? Rabi kuwa yarinya ce mai kunya, kuma gidan nan ka san shi, in an yi tari a ɗaki ana ji a zaure. In ka kira sai ta zagaya bayan madafa ta yi ƙasa da murya, in na gifta ta ce, "To sai anjima." Wace magana mace za ta yi da mijinta surukarta na tankaɗe a gefe? Nakan ƙirƙiri zuwa barka ko dubiya don in ba ta wuri, amma unguwar ma ba kullum ake haihuwa ba.

Ƙarafanku za ku iya kwashe musu tunani ku kai wani gari, su ci gaba da aiki, don ƙarfe ba ya kewa. Na ga kana so ka yi wa gidanka irin wannan tsarin, jiki a Zariya, mai lura a Legas. Za ka aiko da komai, na sani, jinin mahaifinka ne. In Ummi ta yi zazzaɓi za ka sani kafin maƙwabta su sani. Amma ba za ka san yadda take tsuke baki in za ta yi ƙarya ba, ita kuma ba za ta san ƙamshin rigarka ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar da ka ce za ka bar su, daɗi na ji. Har hamdala na yi a zuci. Yarinyar nan sunana gare ta, ita ke nemo mini tabarau, tare muke zama ina nuna mata baƙaƙe tana gyara mini riƙon fensir wai ba haka ake yi ba. Tun da suka dawo nan gidan ya yi rai. Sai da na ji bakina yana gaya wa Hadiza cewa ai gara Ummi ta fara makaranta a nan, in ta gama ajin farko sa tafi. Da na ji kalmomin sai na katse maganar. Na san muryar. Ita ce wadda ta ce a bari yaro ya gama wannan ajin.

Na san za ka kawo maganar tsadar haya, ka ce ɗaki ɗaya ka samu. Na yi zancen da Maman Chidi mai shagon kayan masarufi na bakin layi, ƙaninta yana can. Ta ce akwai unguwannin da Hausawa suka yi yawa, da masallaci da Islamiyya da masu tuwo, Rabi ba za ta rasa da wa za ta yi magana ba. Ta ce, "Maman Abba, a ɗaki ɗaya na haifi Chidi da ƙannensa, labule ne bangonmu. Ɗanki ya kwashe ƙwaƙwalwar ƙarfe ya kai Legas, matarsa ce za ta yi masa nauyi?" Na ce ta rufa mini asiri, amma gaskiya ta faɗa. Ban yi maganar nan da Rabi ba, ba na so in sa mata rai kafin in ji daga gare ka. In ka tambaye ta za ta ce duk yadda ka yi daidai ne. Kada ka karɓi wannan amsar, ni ma ita mahaifinka ya riƙa ba ni.

Sauran kuma ka sani. Kada zaman kujera ya sa ka haɗa azahar da la'asar. Ka riƙa tashi kana miƙe ƙafa, jikinka ya saba da hawa. Ka rage abincin titi. In an gayyace ka bakin teku ka tsaya daga nesa, ruwan da ba a ganin gaɓarsa ba abin wasa ba ne. In ka ga ƙarfen bayan gidanmu a allonka, ka yi wa mahaifinka addu'a, shi ya sayi filin.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya buɗe maka abin da yaran nan ke koya maka, Ya sa aikin ya amfani mutane. Allah Ya raya Ummi a gaban idonka. Kawunka yana gaishe ka, Hadiza da mijinta suna gaishe ka.

Shugabar makarantar ta ce in gaya mata ko ta sa sunan Ummi, tela kuma yana jira in ce ya yanka yadin kayan makarantarta. Litinin ta biyu bayan babbar sallah za a koma. Ina son amsarka kafin Juma'ar da ke gabanta. Ka rubuto, ko ta wayar Hadiza ce, zan karanta da kaina. Kada ka kira ni a kan wannan maganar, kuma kada ka tambaye ni ko zan iya zama ni kaɗai. In na ji muryarka zan ce ka bar mini su.

Wassalam.

Mahaifiyarka.